Kwalin Ummu Karim

Tun ranar da muka dawo daga Masar bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi wa Malam barka da samun ido, kafin ta ajiye kofin ruwa sai ta juyo ta ce, "To Hajiya Rabi, ya Alƙahirar? Kin ga dalar Fir'auna?" Ban gan ta ba, kuma ban yi da-na-sani ba. Matan makarantarmu ta matan aure, wadda nake shugabanta, su suka fi kowa naci, wai na dawo na yi sanyi, lallai akwai abin da na gani. Akwai kuwa. Zan faɗe shi sau ɗaya in huta. Sunan da zan kira matar da shi ba nata ba ne, danginta kuma ba sa jin Hausa, shi ya sa na yarda in buɗe baki.

Dalilin tafiyar dai idon maigidana Malam ne. Na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuwa shekara tara yana ganina da shi kamar inuwa a jikin bango. Likitan Kano ya ce sukari ne ya taɓa jijiya, in ana son ceto shi a tafi Masar. 'Ya'ya suka haɗu suka ce ni zan raka shi, tunda na yi koyarwa shekaru a firamare ina jin Turanci, shi kuma yana da Larabcinsa na zaure.

Daga Katsina muka ɗauki hanya da sassafe. Mun wuce Kankiya lafiya, muna dab da Bichi taya ta yi bindiga. Ƙanen Malam da ke jan motar ya buɗe bayanta, ashe safayar ma ba iska. Na ce masa abin da ya sawwaƙa a bakin titi, Malam yana cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, musafiri addu'arsa karɓaɓɓiya ce, kada ki ɓata ta a kan taya." Da gudu muka shiga filin jirgin Kano, ina jan akwati da hannu ɗaya, ina jan Malam da ɗayan.

A filin jirgin Alƙahira aka tare jakata. Wani jami'i mai gashin baki ya zaro ƙullin kuka ya jujjuya, ya zaro yaji ya ajiye, sannan tsautsayi ya kai shi ga daddawa. Ya kwance leda ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya taku biyu, ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya shinshina. Malam ya gyara murya ya shiga yi musu bayani da Larabcin littafi, da wasalinsa cif-cif, cewa wannan 'ya'yan itaciya ne da ake dafawa a sa a miya. Suka yi shiru suna saurarensa, da ya kai aya sai mai gashin bakin ya ce, "Sadaƙallahul azim, ya shaikh!" suka tuntsire da dariya. Ni na ji haushi. Amma dai sun mayar mini da daddawata.

Wanda ya tarbe mu Ustaz Mahamadu ne, mutumin Maraɗi, magidanci mai 'ya'ya uku da ke karatun fiƙihu mai zurfi a can. Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabcin Masar. "Yalla Hajiya, mota na jira. Khalas, mun iso. Ma'alish Malam, haka tuƙinsu yake." Tuƙi kuwa! Na ɗauka 'yan achaɓanmu ne ƙarshen ganganci, ashe almajirai ne a gaban direbobin Masar. Kowa hannunsa a kan hon, ba mai kallon ɗan'uwansa, kuma ba a karo. Tsallaka titi sai ka nemi wata tsohuwa ka laɓe a gefenta, in ta taka ka taka.

Ya sama mana gida a unguwar Mohandessin, hawa na biyar, kusa da asibitin. Abin hawan benen kamar kejin kaji yake, sai ka rufe ƙofa biyu sannan ya motsa yana kuka. Mai gadin gidan, wanda suke ce wa bawwab, ya rungume Malam ya sumbace shi a kumatun dama da na hagu. Malam ya sandare, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Hajiya, me mutumin nan ya yi mini?" Na ce gaisuwa ce, ka gode Allah ba ni ya yi wa ba.

Abinci ma sai da muka koya. Da safe wake, da rana wake, in ka ce ka gaji da wake a kawo maka ƙosan wake. Akwai wani kuma da suke zuba shinkafa da taliya da wake iri biyu a kwano guda, su watsa soyayyiyar albasa, kamar mai girkin ta rasa wanda za ta zaɓa. Amma abu ɗaya ya burge ni: mace tana hawa na shida sai ta zuro kwando da igiya ta taga, mai kanti ya zuba mata cefane ta janye abinta. Na ce da matan Katsina sun san wannan da an huta da aike.

A asibiti likita ya ce sukarin Malam ya yi sama, ba zai taɓa idon ba sai ya sauka. Muka shiga zarya, yau awo, jibi awo, kusan mako uku. Su shigar da shi, ni su bar ni a benci da hularsa da sandarsa. A bencin nan na haɗu da Ummu Karim.

'Yar ƙaramar mace ce, ta haura sittin, fara sol, da ɗan mayafinta toka-toka. Na ɗauka 'yar Sin ce, ta ce a'a, Japan. Ta auri Bamisire tun tana budurwa, ta musulunta, ta biyo shi. Ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya bar ta da ɗa guda, Karim, injiniya, da matarsa da suke zaune gida ɗaya a Ma'adi. Zuciyarta ce ke ciwo, ana shirin yi mata aiki. Na miƙa mata dabino, ta karɓa da hannu biyu tana sunkuyawa har na ji kunya. Kullum da ɗan littafi a cinyarta tana 'yan rubuce-rubuce da fensir, in na leƙa sai ta kife shi. Na ce a raina, baiwar Allah, azkar take rubutawa.

Wata rana na tambaye ta aikinta. Ku saurari abin da ta ce mini da kyau, don ku gaya mini in ku ne me za ku fahimta.

Ta ce, "Littattafai nake yi, ƙanana. A ƙasarmu mu da yawa ne, yawanci mata. Akwai babban littafi na asali da wani ya wallafa, mu kuma muna rubuta abin da ya bari bai faɗa ba."

Na ce, "Sharhi ke nan."

Ta ɗan yi tunani ta ce, "Kusan haka. Sau biyu a shekara ana haɗuwa a wani babban zaure, kowace da teburinta. Kaɗan muke bugawa, ba ma neman riba. Kuma ba mai sa sunanta na gaskiya."

Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Sharhi a kan littafin magabata, fi sabilillahi, ga ɓoye suna don gudun riya! Na ce ashe a can ƙarshen duniya akwai mata masu irin wannan ikhlasi, mu muna nan muna faɗa a kan wadda za a kira sunanta a walimar sauka. Ranar har wa'azi na tsara a raina wanda zan zo in yi muku.

Ana jibi za a yi mata aiki ta roƙe ni in je gidanta da hantsi, lokacin da ɗan da matarsa suna wajen aiki. Ustaz ya sa ni a jirgin ƙasa na cikin gari daga Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ya ce in ƙirga tashoshi. Ma'adi unguwa ce mai itatuwa, shiru kamar ba Alƙahira ba. Ta shigar da ni ɗakinta, ta jawo wani kwali daga bayan bargunan sanyi. Littattafai ne sirara fal, kowanne an naɗe bangonsa da takarda ruwan ƙasa. Ta ɗauki ɗaya ta shafa, ta ɗan buɗe shi ta rufe. Abin da ya kammala hallaka ni ke nan: daga dama ta buɗe shi. Ni kuwa tun da aka haife ni, littafin da ake buɗewa daga dama na addini ne.

Ta ce, "Aikin shekara arba'in ne. A cikinmu kowace tana da ƙawar da ta yi wa alkawari, in ta mutu ta riga dangi shiga ɗaki ta kwashe. Nawa ƙawayen suna Japan, biyu ma sun rasu. Ke baƙuwa ce, ba ki san kowa nawa ba, kuma za ki tafi. In na fito ki dawo mini da shi. In ban fito ba ki ƙona, duka. Kada Karim ya gani."

Ko ƙonawar ba ta ba ni mamaki ba, ai mu ma haka muke yi wa tsofaffin takardun karatu don kada a taka. Na ce, "Na karɓa. Amana ce, Allah ne shaida." Na nemi bayi na sabunta alwala, na naɗe ɗankwalina na yi gammo, na aza kwalin a ka.

Haka na ratsa Ma'adi, ni Hajiya Rabi, da kwali a ka kamar mai tallan gurasa. A taragon mata aka ce in ajiye a ƙasa, na ce Allah ya tsare. Wata ta tashi ta ba ni wuri na ɗora a cinya. Ta nuna kwalin da haɓa, na ce, "Kutub," wato littattafai. Matan taragon suka yi ta masha Allah, wata tsohuwa har ta shafa kwalin ta shafa a fuskarta. Da na isa gida na hau kujera na ɗora shi can saman kabad, sama da littattafan Malam.

An yi wa Malam aikinsa ranar Laraba, aka rufe idon da bandeji, likita ya ce mako guda zai yi a haka. Ita kuma an yi nata ranar Alhamis, aka ce tana ɗakin masu tsanani, ba ta farka ba. Ranar Juma'a bayan la'asar Ustaz ya zo duba Malam da abokan karatunsa uku, duk manyan mutane masu gemu, ɗaya ma limami ne a garinsu. Na kawo shayi. Hira ta yi daɗi, Malam ya ji ɗalibai a gabansa, sai bakinsa ya buɗe.

"Ku da kuke taƙama da karatu, akwai wata malama 'yar Japan da ta bar wa Hajiya taskar littattafanta. Shekara arba'in tana sharhi, ko sunanta ba ta sawa. Hajiya, sauko da shi su gani su yi koyi."

Na ce, "Malam, amana ce fa."

Ya ce, "Ɗanta ta ce kada ya gani. Ilimi kuwa ba a kulle shi a kwali. Sauko da shi."

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ni ma kwana uku ina kallon kwalin nan ina haɗiyar yawu. Na sauko da shi.

Ustaz ya yi bisimilla, ya yanke salatif, ya ɗauki na sama da hannun dama. Ya buɗe. Ya juya shafi ɗaya, ya rufe da sauri kamar ya taɓa garwashi. Limamin da ke leƙe ta kafaɗarsa ya ce, "A'uzu billahi!" ya miƙe ya fita baranda yana kallon motoci.

Malam yana zaune da bandejinsa yana murmushi ya ce, "To, karanta mana ko layi guda."

"Malam, da Japananci aka rubuta."

"Na sani. Amma ai za ka ga ayoyin da ta jawo. Wace sura ce?"

"Babu ayoyi, Malam."

"Hadisi ne ke nan?"

Ustaz ya dube ni, gumi na bin gemunsa. Ya ce, "Ma'alish Malam. Zane ne."

Na fizge littafin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Shafi ne an raba shi gida-gida, kowane gida da hoto na zanen hannu. Wani jibgegen soja mai tabo a goshi, da wata mata mai rigar likita. A shafin farko suna kallon juna. A na biyu ya riƙe mata hannu. A na uku babu rigar likitar. Abin da ke na huɗu kuwa, ni da na haifi bakwai na aurar da biyar, ban san ana zana shi a takarda ba. Na zauna daɓas a kan tiren shayi.

Abin da ya fara zuwa raina ba hoton ba ne, tsohuwar nan ce ta cikin jirgi da ta shafa kwalin ta shafa a fuska. Sai alwalata. Sai gammona. Sai kwana uku da ya yi a saman littattafan Malam.

Baƙi suka tuna da uzurori, kafin ka ce kwabo ɗakin ya zama wayam. Ustaz kaɗai ya tsaya ya yi wa Malam bayani a kunne. Na ga murmushin ya sauka daga fuskarsa. Ya ce, "Hajiya, kafin magariba abin nan ya bar gidan nan. A kai shi bola."

Ni ma raina abin da yake so ke nan. Har na sunkuya zan ɗauka, sai na tuna yadda ta sunkuya ta karɓi dabinona. Matar nan tana can da rai, an tsaga mata ƙirji, kuma na ce mata Allah ne shaida. A garin nan masu kwasar shara buɗe komai suke yi su tsince, kafin gobe aikinta na yawo a titi.

Na ce, "Ba zan kai ba."

Shekara talatin da huɗu muna tare, na yi masa tsiwa ba adadi, amma ban taɓa ce masa ba zan yi ba. Ya juyo da bandejin wajen muryata ya ce, "Me kika ce?"

"Na ce ba zan kai ba. Da na karɓa ban ce sai in abin ciki ya yi mini ba. Kai ka sa aka buɗe, ni na biye maka, mun ci amanar rabi. Sauran rabin ba zan ci ba."

Na ɗauke shi na kai baranda na tura bayan tukunyar gas, na rufe da tsohon buhu. Kwana biyu Malam bai yi mini magana ba. Sai dai dole ya ɗaga mini fuska sau huɗu a rana in ɗiga masa magani, don haka fushin bai yi masa daɗin yi ba.

Ranar Lahadi aka ce ta farka. Na tafi da faɗa cike da bakina, tun daga bene nake jera abin da zan gaya mata. Na same ta ta ƙanƙance a gado, robobi ta ko'ina. Faɗan ya maƙale. Abin da ya fito shi ne, "Ummu Karim, ki yafe mini. An buɗe kwalinki."

Ta lumshe ido. Sannan ta ce, "Karim?"

"A'a. Ni, da wasu malamai huɗu."

"Malamai?"

"Ɗaya ma liman ne."

Sai na ga kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya take yi, tana riƙe ƙirji don zafi. Na ce, "Au, dariya ma kike yi? A ka na ɗauko shi, da alwala! Ke da girmanki, da musuluncinki, me ya kai ki?"

Ta ce, tana ɗan hutawa tsakanin magana, "Ina da shekara goma sha tara aka yi wani labari a ƙasarmu, kowa na karantawa. Sojan nan da likitar nan suna son juna, ba wanda ya furta. Sai marubucin ya kashe shi a yaƙi. Na yi kuka mako guda. Sannan na ce ban yarda ba. Na ɗauki fensir na dawo da shi gida, na ɗaura musu aure."

"To ki tsaya a ɗaurin auren mana! Mu ma muna da littattafan soyayya, amma in aka kai amarya ɗaki sai a ja labule."

"Mu ba ma ja," ta ce. "Na san akwai na jin kunya a ciki, shi ya sa nake ɓoyewa. Ina istigfari. Amma da mijina ya rasu, a garin nan ba ni da wanda zan yi wa magana da harshena sai su biyun nan. Sun tsufa tare da ni." Ta dube ni. "Kin kai na ƙarshe? Na can ƙasa?"

"Allah ya kiyaye! Shafi huɗu na gani, sun ishe ni har kabari."

"In kin kai, kada ki yi fushi."

Ma'aikaciyar jinya ta ce lokaci ya yi. Na yi mata addu'a, na ce ta yi sauri ta warke ta zo ta kwashe masifarta daga bayan tukunyar gas ɗina. Ranar Talata da hantsi ta rasu.

Na je ta'aziyya Ma'adi. Karim dogo ne, idanunsa irin nata. Da ya ji ni ce ƙawar asibiti sai ya zauna kusa da ni ya ce da Turanci, "Hajja, mahaifiyata mace ce mai shiru. Ba ta da wani abin da take yi, sai zaman ɗaki. Na duba ko'ina, ko takarda ɗaya mai rubutun hannunta ban samu ba. Ba ta gaya miki komai ba?" Na ce, "Ta yi maganarka, kuma ba ta so ranka ya ɓaci." Iyakar gaskiyar da zan iya ba shi ke nan. Na fito ina jin kamar na yi sata.

Washegari aka cire wa Malam bandeji. Ya ga likita, ya ga yatsunsa, ya karanta manyan baƙaƙen allo, muka yi hamdala har da hawayena. Aka ba shi baƙin tabarau aka ce ya guji ƙura da hayaƙi. Bayan azahar na roƙi matar bawwab rabin durom ɗin da take gasa masara, na hau rufin bene da kwalin. Wannan karon a hammata na ɗauko shi.

Ɗaya-ɗaya na riƙa jefawa. Na yi niyyar ba zan duba ba, amma wuta tana buɗe littafi da kanta. Na ga abin da na gani, na yi ta a'uziyya. Sai dai da na yi nisa na lura sojan ya yi furfura, likitar ta sa tabarau. Can ƙasa-ƙasa zanen shan shayi ya fi yawa, da yankan farce, da shi yana ɗaure mata igiyar takalmi.

Na ƙarshe ɗan littafin nan ne na cinyarta, duk fensir. Likitar ce ta tsufa tana zaune a bencin asibiti. Na juya shafi. Wata ƙatuwar mata ce a gefenta, da hijabi har ƙasa, da tabon goshi, da wushirya. Ni ce! Ni Rabi, shugabar makarantar matan aure, a cikin kwalin nan, tare da sojan nan da abin da ya aikata a shafi na huɗu! Na buɗe baki zan yi salati, sai na ƙara dubawa. Ba ta zana ni ina surutu ba, yadda kowa ya san ni. Ina zaune ne na zuba wa ƙofar likita ido, na ƙanƙame hular Malam da hannu biyu a ƙirji kamar za a ƙwace mini.

Na tsaya da shi a hannu, wutar na ci. Shafin nan ba abin kunya a cikinsa. In na kai wa Karim, ya samu hannun uwarsa. In na riƙe, ni ma na samu. Amma duk wanda ya ga wannan hannun ya san ba ranar ta fara ba, zai tambayi sauran.

Sai na ji takun sanda a matakala. Malam ne, shi kaɗai, da baƙin tabaransa. Na ce, "Likita ya ce ka guji hayaƙi!" Ya ce, "Na ji. Me ya tsayar da ke?" Na ce, "Ta zana ni." Ya miƙo hannu. Na ce babu komai a ciki, ya ce ai bai tambaya ba.

Ya juya wa hayaƙin baya, ya ɗaga tabarau, ya kawo takardar dab da idon. Ya daɗe ƙwarai. Sannan ya dube ni, ya sake duban takardar.

"Hulata ce wannan?"

"Ita ce."

"Ashe haka kike zama in sun shiga da ni."

Na ce, "To da yaya zan zauna? Hula ce, kada ta faɗi." Muryata ta ƙi fita daidai, na ce hayaƙi ne.

Ya gyara tabaransa, ya miƙo mini littafin da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya gafarta mata, ya gafarta mana. Duka ta ce, Rabi."

Rabona da in ji sunana a bakinsa tun kafin a haifi Auta. Na karɓa, na saka a wuta. Muka tsaya har ya cinye, na juya tokar da sanda don kada wani yanki ya tsira, sannan ya riƙe mini kwalin da ba komai muka sauko.